Yadda Muka Kai Alhaji Jirgi Gudu Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban samu sukuni a shago ba. Mutum zai shigo layin 'yan yadi na Babbar Kasuwar Kaduna, ya tsaya a gabana, ya shafa shadda kamar mai shirin saye, sai ya ce, "Malam Lawal, wai ya kuka ƙare a Nijar?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa, ni kuma in koma awon yadina.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu wasu magidanta ne da ke haɗuwa bayan sallar asuba a filin wata makaranta a Doka, mu ɗan motsa jini. Ni likita ne ya kai ni, saboda suga. Guduna kuwa, in kana tafiya da sauri za ka iya jerawa da ni muna hira. In mun gama sai mu wuce teburin mai shayi, kuma a nan ne ake ainihin gudun, na baki.

Gwanayen wannan fanni biyu ne. Na farko Alhaji Bala, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ake kira Jirgi. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya zo da abinsa. Mutum ne mai jiki, mai kirki, mai yawan biya wa jama'a shayi. A wurinsa zagaye ɗaya na filin nan kilomita guda ne, ko da yake duk mun san bai kai rabi ba. Da wannan awon ne yake cewa yana cinye kilomita goma a minti talatin da biyar. Na biyu Sabi'u, Bazamfare, direban haya, siriri kamar sanda. Shi kuma ba ya harka da agogo. Labarinsa shi ne ya taɓa bin zomo a dajin garinsu har zomon ya gaji ya kwanta. Kowannensu yana ƙaryata ɗan'uwansa, amma ba a taɓa samun safiyar da suka yarda suka gwada tsere ba. In gwiwar wannan ta warke, sai ta wancan ta tashi.

Ina da wani abokin ciniki, Alhaji Isuhu, da ke zuwa sarin yadi daga Maraɗi. Wani zuwa ya sauka gidana a Kinkinau, da safe ya biyo ni fili don ya ga abin da ke fitar da ni. Ya zauna a bencin mai shayi ya saurari Jirgi da Sabi'u baki buɗe. Mutumin kirki ne, bai saba da irin hirarmu ba, sai ya ɗauki komai da gaske.

"Kai, Allah ya yi baiwa nan!" ya ce. "Ai muna da gasar gudu garinmu wata mai kamawa, kilomita goma. Don Allah ku taho. Mu ma muna da namu gwani, Mushe Haru. Sai a gani."

Jirgi ya kurɓi shayi ya ce, "Ai sai dai in ba a gayyace mu ba."

Da ya san maganar za ta bi shi, da ya ƙone harshensa da shayin ya yi shiru. Bayan mako biyu Alhaji Isuhu ya bugo waya yana murna, ya ce ya sa sunayenmu, ya gaya wa 'yan kasuwa, ya gaya wa limaminsu, har ya gyara mana ɗaki. Ni an sa ni ne a matsayin ɗan rakiya mai ɗan taɓawa.

Ana gobe za mu tashi, Hajiya matar Jirgi ta kira ni. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Malam Lawal, ka san Alhaji yana da hawan jini, kuma ka san bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Na sa masa maganinsa a aljihun jaka. Amana na ba ka. Yadda ya fita da ƙafarsa haka nake so ya dawo." Na ce in sha Allahu. Daga nan tafiyar ta daina ba ni dariya zalla.

Da sassafe muka bar Kawo a motar Sabi'u, don hanyar Katsina ba ta son tafiyar yamma. Jirgi ya fito da kayan gudu sababbi fil, ja da fari, da takalmin da har yanzu takardar kanti ke maƙale a jikinsa. Kafin mu kai Zariya ya gama tsara yadda zai yi: zai bar su su wuce, ya yi musu kwanton ɓauna, a kilomita na bakwai ya buɗe wuta. Sabi'u ya ce shi ba ya jira, daga farko zai kashe wasan.

A Funtuwa muka tsaya cin waina da miya. Nan ne na fara jin sauyin iska. Jirgi ya ce ya lura zaman mota yana sanƙarar da jijiya, kuma duk masana sun yarda mai gudu ba ya yin rabin ƙoƙarinsa bayan doguwar tafiya. Sabi'u ya ce ai shi ya fi shiga uku, tunda ƙafarsa ta dama ce ke kan totur tun safe. Wannan ne karo na farko da na ga sun yarda da juna a kan wani abu.

Mun wuce Katsina da azahar, muka miƙa Jibiya, muka isa iyaka. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka sai muka iske wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, dogo baƙi zaune a inuwa, fuskarsa ba wasa. Ya karɓi katunanmu ya dudduba, ya ce, "Mi ya kawo ku?"

Jirgi ya gyara tsayuwa ya ce, "Gudu muka zo."

Jandarman ya ɗago kai a hankali. "Gudu? Mi kunka yi can da kuke gudu?"

Sai da Sabi'u ya buɗe but ɗin mota ya fito da takalman gudu, ni kuma na kira Alhaji Isuhu a waya ya yi bayani, sannan mutumin ya saki fuska. Ashe shi ma zai shiga gasar, shi da wasu abokan aikinsa. Ya dubi cikin Jirgi, ya dubi takalmin, ya tambaye shi lokacinsa. Ina taka masa ƙafa amma ina, maganar ta riga ta fita: "Talatin da biyar."

Jandarman ya miƙe tsaye ya sara masa. Ya ce, "To Alhaji, gobe ni bayanka zan bi, in ga ko zan koyi wani abu." Har yau ban sani ba ko da gaske yake ko shaƙiyanci ne. Muna kama hanyar Maraɗi sai Sabi'u ya ce yana jin kamar wainar Funtuwa ba ta zauna masa daidai ba.

Maraɗi gari ne da Bahaushen Kaduna zai shiga ya ji kamar gidan kawunsa ya zo: komai ya san shi, amma an ɗan matsar da shi gefe. Hausa ce, sai dai fura ta koma hura, lafiya ta koma lahiya. Ɗan acaɓa kabu-kabu ne. Malamin boko mushe ne. In mutum ya ce zai tafi likita, asibiti yake nufi. Abin da ya fi ba Sabi'u mamaki shi ne ɗan sanda ya hura usur, motoci su tsaya cak, ba mai leƙo kai ta taga ya ce yana sauri. Da rana tsaka kuma gari yakan yi tsit, a rufe shaguna a je a huta. Na yi tunanin in na rufe shagona a Kaduna don barcin rana, kafin in farka maƙwabcina ya kwashe mini masu saye har da na gado.

Alhaji Isuhu ya sauke mu a ɗakin baƙi da ke jikin zaurensa, an shimfiɗa katifu uku da sababbin zannuwa. Aka kawo hura mai sanyi a ƙwarya, da shinkafa da miyar da nama ya fi ruwa yawa, da kilishi, da wani burodi dogo kamar taɓarya wanda sai ka yi da gaske kafin ka karya. Jirgi ya ce mai gudu ba ya cika ciki, sannan ya cika. Sabi'u, mai ciwon ciki, ya gama da kilishin.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutanen unguwa suka taru ganin baƙi. Wani Buzu ya kafa ɗan murhu yana dafa shayi mai kumfa a 'yan ƙananan kofuna, ɗaci kamar magani. Mu da muka saba da kofin da za ka tsoma rabin burodi, sai muka riƙa kallon abin kamar an ba mu ɗanɗano. Ana cikin haka aka ce ga Mushe Haru nan.

Na zaci zan ga wani dogo mara nama. Sai ga wani ɗan gajeren dattijo mai sanƙo da tabarau, da ɗan tumbinsa daidai misali, sanye da rigar wasanni mai zik har wuya duk da zafin nan. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Suka gaisa da Jirgi, kowa yana auna kowa.

"An ce mini kai ne jirgin Kaduna," in ji Mushe.

"Haka yara ke faɗa," in ji Jirgi.

"To madalla. Ni yanzu girma ya zo. Da can, in na tashi daga nan da sahe, Madarunfa nike karin kumallo, in dawo in shiga aji."

Jama'a suka ce, "Ƙwarai, Mushe!" Amma na lura da wani abu. Yadda suka faɗe shi, da yadda wani tsoho ya sunkuyar da kai yana gyara hula, daidai yake da yadda muke cewa "Ƙwarai, Alhaji!" a teburin mai shayi. Na dubi Jirgi, na ga gumi a goshinsa. Aka yi ta jifa da labarai, wannan ya wuce mai keke, wancan ya wuce mai babur da ya ɗauko buhu. Kowa yana ƙara gishiri, kowa kuma yana ƙara tsorata da abin da ya ji. Alhaji Isuhu kaɗai ke ta murna tsakani da Allah, yana cewa gobe akwai kallo.

Da muka koma ɗaki bayan magariba na ce wa Jirgi, "Alhaji, ka sha maganinka. Kuma gobe ka bi ni a hankali, ba wanda zai kama ka."

Ya haɗiye maganin ya ce, "Lawal, Alhaji Isuhu ya tara mana gari. In na bi ka a hankali, da wane ido zai shiga kasuwa?"

Da gari ya waye, Sabi'u ya ce ba zai iya ko tsayuwa ba. Ya kwanta ya dafe ciki yana nishi, ya ce baƙin cikinsa ɗaya, Nijar ba za ta ga abin da ya tanadar mata ba. Amma da aka shigo da kunu da ƙosai ya samu ya ɗan tashi zaune. A ƙarshe ya ce zai daure ya bi mu ya riƙe mana ruwa.

Wurin tashi wani fili ne a bakin gari. Akwai sojoji da jandarmomi, da 'yan makaranta, da wasu samari Fulani masu takalmin roba waɗanda ko motsa jiki ba su tsaya yi ba. Mai lasifika ya yi sanarwa da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya ce a buɗe hanya ga manyan baƙi daga Najeriya. Aka ja Jirgi har sahun gaba, aka tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da Mushe Haru. Jandarmanmu na iyaka ya zo ya tsaya a bayansa kamar yadda ya yi alkawari. Ni na lallaɓa can baya, inda na ga wasu masu furfura.

Aka hura usur. Jama'a, zan faɗi gaskiya ko da ba za a yarda ba: Alhaji Jirgi ya tashi. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan gudun ba. Ja da farin nan ya yi gaba, Mushe yana manne da shi, mutane suna ihu. Har kwanar farko su ne a gaba. Akwai hoto, Sabi'u ya ɗauka, kuma na tabbata za a binne Jirgi da hoton nan a zuciyarsa. Daga kwanar ne samarin suka wuce su kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

Ni dai na kama ɗan guduna na masu suga. Hanyar ta bar kwalta ta shiga rairayi, inda kowane taku sai ƙasa ta karɓi rabinsa. Rana ta fito da wuri. Mata a ƙofar gidaje suna miƙo ruwa a moɗa suna cewa, "Sannu Alhaji, Allah shi ba da lada," kamar wanda ya fito jihadi.

Wajen rabin hanya na hango ja da fari a gindin wata bedi, wato darbejiya. Na iske Jirgi zaune ya jingina da itacen, idonsa a rufe, leɓensa ya yi fari, numfashi yana fita da ƙyar. Mushe Haru yana durƙushe a gabansa, ya tuɓe rigar nan mai zik yana yi masa fifita da ita, shi kansa yana haki kamar zai faɗi. Muryar Hajiya ce kawai ke yawo a kaina.

"Alhaji! Alhaji Bala!" na kira shi da sunansa na gaskiya.

Ya buɗe ido ɗaya. "Lawal, garin ne ke juyawa ko ni ne?"

Mushe ya ce, "Na gane shi shina tangaɗi, na kama shi. Na aika a kira mutanen likita."

Wata tsohuwa ta fito da ruwan randa, muka zuba masa a ka da wuya, muka ba shi kaɗan-kaɗan. Can sai ga ma'aikacin lafiya a kan babur, Alhaji Isuhu a bayansa riƙe da hula. Aka auna shi, aka sa shi ya miƙe ƙafa. Mun ɗauki lokaci a nan har jini ya dawo masa fuska. Ma'aikacin ya ce zafi ne da wuce ƙarfi, ya tsallake, amma gudu ya ƙare. In ya ga dama a kai shi gida a babur.

Alhaji Isuhu duk ya rikice. "Alhaji, ka gahwarce ni. Ni na jawo maka. Hau mu tahi gida."

Jirgi ya girgiza kai. Ya dubi Mushe ya ce, "Malam, ka bar gudunka saboda ni."

Mushe ya goge tabarau. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, tun kwanar farko nike roƙon Allah ka tsaya. Da ka ƙara minti guda, ni za a kwasa."

Jirgi ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya. Ya ce a tambayi ma'aikacin ko an yarda ya taka a hankali. Aka ce in zai bi inuwa, kuma babur na biye da shi, to. Sai ya juyo gare ni. "Kai kuma me kake jira? Wuce. Kar a ce Kaduna ba ta iso ba."

Na dubi ma'aikacin, ya ɗaga mini kai. Na wuce, ina waiwaye har suka ɓace mini.

Lokacin da na isa, an riga an raba kyaututtuka. Wani saurayi Bafulatani ne ya ci, jandarmanmu ya zo cikin na gaba-gaba har ya sauya kaya. Ana naɗe rumfa ana loda kujeru a amalanke. Amma mutanen unguwar Alhaji Isuhu ba su tafi ba. Labari ya riga ya iso cewa baƙo ya faɗi kuma Mushe ya tsaya masa, sai suka zauna jira a rana. Sabi'u na cikinsu, yana bayyana wa wasu yadda da ya bi da rairayin nan in da cikinsa ya bar shi.

Can sai ga su sun ɓullo, Jirgi da Mushe, suna tafe suna hira kamar masu dawowa daga ɗaurin aure, babur na bin su a hankali. Jama'a suka miƙe da tafi. Da ya rage 'yan taku kaɗan su kai layin, sai na ga Mushe ya saci kallon Jirgi, Jirgi ya saci kallon Mushe. Tafiya ta ƙara sauri. Hannuwa suka fara lilo. Ina ihu ina cewa, "Alhaji, likita ya hana!" amma ba mai ji na. Haka dattawan nan biyu suka faɗa kan layin a tare, kowa ya turo ciki gaba. Har muka baro garin ana gardamar tumbin wa ya riga shiga.

Jirgi yana samun numfashi ya tambayi lokacinsu. Aka nemi mai agogo, aka ce ai ya daɗe da tafiya gida. Ban taɓa ganin mutum biyu sun ji daɗin rashin abu kamar su ba. Mushe ya ce, "Kash, an cuce mu." Jirgi ya ce, "Wallahi kuwa." Alhaji Isuhu ya rungume su duka biyu, idonsa ya ciko, ya ce shi dai baƙonsa ya shigo da ƙafarsa, ba abin da ya fi wannan.

Washegari muka kamo hanya da ƙullin kilishi da burodin nan dogo guda shida da Mushe ya kawo da kansa. Muka wuce Katsina. Wajen Malumfashi Jirgi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lawal, a gindin itacen nan na ɗauka tafiyar ce ta zo. 'Ya'yana kawai nake gani." Na ce Allah ya kiyaye gaba. Ya ce amin, kuma daga yau zai riƙa bi na a hankali. Na ji daɗin maganar, har na ɗan yi barci.

Mun kusa Jaji wayarsa ta yi ƙara. 'Yan teburin mai shayi ne suka haɗu suna son jin sakamako. Na ji ya gyara murya.

"Alhamdu lillahi, an sha fama. Rairayi ne, ga rana, ga sojoji. Amma dai ba a ji kunya ba. A duk 'yan Najeriya da suka shiga, ni na zo na biyu."

Sabi'u ya kusa sakin sitiyari. Ni kuwa na lissafa, na ga ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Mu biyu ne muka shiga. Na jira a tambayi wanda ya zo na ɗaya, har muka shigo Kawo ba wanda ya tambaya.